Gargaɗi Kan Harshen Abaza: A Tashi Tsaye Kafin Bakin Alƙalami Ya Bushe

Jama'a, akwai harshen da ke gab da kuɓuce wa masu shi, kuma da yawa daga cikinsu ba su farga ba. Sunansa Abazanci, harshen Abazawa, wata ƙaramar al'ummar Musulmi da ke zaune a gindin duwatsun Kaukasus ta arewa, a jamhuriyar Karachay-Cherkesiya cikin Tarayyar Rasha, da kuma 'yan'uwansu da yaƙi ya watsa zuwa Turkiyya da Siriya da Jodan da Masar. Hukumar UNESCO ta riga ta sanya shi a jerin harsunan da tabbas suna cikin haɗari, matakin da ake ba harshen da yara suka soma daina koyonsa a gida. Wannan gargaɗi ga iyayen Abazawa ne da farko, sannan malamansu da hukumominsu da 'yan bokonsu, sannan duk mai harshen da yake ganin ba abin da zai same shi.

Ga saƙon a dunƙule. Harshe mai baƙaƙe sama da 60 daga baki zuwa kunne ake gadonsa, kuma tun ana ƙanana. Idan zuriya ɗaya tak ta tashi ba ta sha shi a nono ba, babu makaranta ko ƙamus ko na'urar da za ta mayar da shi yadda yake. Wa'adin da ya rage bai wuce tsawon ran kakannin da ke raye a yau ba.

Kada takardu su ruɗe ku

A rubuce, Abazanci ba shi da abin kuka. Yana cikin harsunan hukuma biyar na jamhuriyar, tare da Rashanci da Karachay da Carkasanci da Nogay. Yana da haruffansa da ƙamus da littattafan makaranta. Ya fitar da marubuta irin su Bemurza Tkhaitsukhov da Mikael Chikatuev da mawaƙi Kerim Mkhtse. Yana da jarida, Abazashta, da ake bugawa a Cherkessk babban birnin jamhuriyar, wadda tushenta ya faro tun 1938. A 2006 aka yanka wa Abazawa gundumarsu ta kansu, da hedkwata a ƙauyen Inzhich-Chukun. Ƙidayar Rasha ta 2010 ta sami Abazawa 43,341, kuma mutum 37,831 suka ce suna jin harshen. Duk wanda ya dubi wannan lissafi zai ce ai lafiya lau.

To amma ƙidaya tambaya ce da amsa. Ma'aikaci ya shigo da takardarsa, ya tambayi maigida harsunan da mutanen gidan ke ji, aka faɗa masa, ya rubuta, ya wuce gaba. Ba ya zama ya saurara ya ji ko jikan gidan zai iya ba kakarsa labarin faɗan da aka yi a makaranta ba tare da ya tsere zuwa Rashanci ba. Wanda ya iya gaisuwa da sunayen abinci kawai, da tsohuwar da ke yin faɗa da addu'a da harshen, duk layi ɗaya ake rubuta su. Kuma ko a hakan, ƙidayar 2021 ta nuna adadin Abazawan ya sauka ƙasa da 42,000.

Ƙauyuka 13 ne ke riƙe da harshen. Biyar kaɗai ke cikin sabuwar gundumar, sauran suna warwatse a wasu gundumomi. Psyzh, wanda ke cikin manyansu, kogin Kuban ne kawai tsakaninsa da Cherkessk, ya zama tamkar unguwar birnin. Matasa na fita neman karatu da aiki a Cherkessk da Stavropol da Mosko, inda Rashanci ke mulkin kasuwa da ofis da filin wasan yara. Idan aure ya haɗa Ba'abaze da 'yar Karachay ko 'yar Rasha, galibi Rashanci ne harshen da ke zaunar da gidan.

Yadda aka kai ga haka

Asalin Abazawa gaɓar Bahar Aswad ne. Dangin Abkazawa ne na kusa, har wasu masana na ɗaukar harsunan biyu a matsayin kare-karen harshe guda. Sun tsallaka duwatsu zuwa arewa rukuni-rukuni a cikin ƙarnoni da dama: Tapanta, mazauna fili, su suka riga isa, sannan Ashkharawa, mazauna tsaunuka. Har yau waɗannan su ne manyan kare-karen harshen biyu.

Ranar 21 ga Mayu 1864 daular Rasha ta shelanta ƙarshen yaƙin Kaukasus. A shekarun da ke kewaye da wannan rana aka kwashe mafi yawan Abazawa, tare da Carkasawa da Ubikawa da Abkazawa, zuwa Daular Usmaniyya. Yunwa da zazzaɓi da agana suka kashe dubbai a bakin teku da cikin jiragen ruwa. 'Yan kaɗan da suka rage aka tattara su a manyan ƙauyuka cikin fili, maƙwabtan Carkasawa. Tun daga nan Ba'abaze ya zama mai buƙatar harshen maƙwabcinsa kafin ya ci kasuwa, daga baya Rashanci ya zo ya hau kan duka biyun. A farkon mulkin Sobiyet ma da Carkasanci aka riƙa koyar da yaran Abazawa. Da suka sami karatu da nasu harshen, sai gyaran tsarin ilimi na 1958 zuwa 1959 ya buɗe ƙofar mayar da makarantun ƙananan al'ummomi zuwa Rashanci. Yau Abazanci darasi ne na 'yan sa'o'i a mako. Lissafi da tarihi da kimiyya duk da Rashanci ake yin su.

Abin da ke shirin salwanta

Bahaushe ya fi Bature saurin gane girman wannan asara. Muna da k da kw da ky, muna da ƙ da ƙw da ƙy, muna da g da gw da gy. Wannan jeri na tara yana nan cif a Abazanci, ana rubuta shi к кв кь, кӀ кӀв кӀь, г гв гь. Mun kuma san irin wahalar da baƙo ke sha kafin ya raba kafa da ƙafa, wani har ya tsufa a cikinmu bai iya ba.

To inda namu jerin ya tsaya, nan nasu ya ɗora. A ɗan ja baya zuwa wajen beli, ga wani sauti mai kama da ƙaf ta Larabci, ga ɗan'uwansa tunkuɗau, ga masu kama da gainun da kha, kowanne da wanda ake furtawa da leɓɓa a zagaye, yawancinsu kuma da wanda ake ɗaga harshe zuwa ganɗa. A ƙara nutsawa cikin maƙogwaro, ga ainun da ha irin waɗanda ɗalibin tajwidi ke gumi kafin ya fitar da su daga mafitarsu, kuma kowannensu na da tagwaye mai zagayen leɓɓa. Wasu daga cikin waɗannan sautuka na can ciki sun ɓace daga daidaitaccen Abkazanci, Abazanci ne ya adana su. Tunkuɗau kuwa har p da t da c suna da nasu.

Wasula biyu kacal ke ɗauke da wannan tulin baƙaƙe: a, da wani gajeren wasali na tsakiyar baki. Sauran da kunne ke ji kamar o da u da e da i, baƙin da ke kusa da wasalin ne ke rina shi. Masanin Ingila W. S. Allen ma, a nazarinsa na 1956, ya nuna ana iya ɗaukar su a matsayin wasali guda. Ma'anar haka ita ce duk nauyin bambance kalmomi yana kan baƙaƙe, ga shi saiwoyin kalmomi da yawa ba su wuce baƙi ɗaya da wasali ba. Yaron da ya haɗe sautuka biyu a bakinsa ya haɗe kalmomi ke nan, kuma babu wasalin da zai cece shi.

Haka nahawun yake da zurfi. Kalmar aikatau guda tana iya ɗaukar wanda ya yi, da abin da aka yi, da wanda aka yi wa, da inda aka yi, da korewa, da lokaci. Har tambaya irin ta wa, da me, da ina, a cikin jikin aikatau ake saƙa ta. Ana bambanta namiji da mace idan ana magana da mutum, kuma lambobin ƙirga mutane daban suke da na ƙirga dabbobi da kaya. Yaro ɗan shekara biyar da ya tashi a cikin harshen yana sarrafa duk wannan yana wasan ƙasa. Babban mutum kuwa sai ya shekara da shekaru da littafi yana tuntuɓe. Masana sun daɗe da gano cewa tun kafin jariri ya cika shekara guda kunnensa ke fara rufuwa ga bambancin sautukan da ba ya ji a kewayensa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gani ga wane

Wanda ke ganin an cika zuzuta lamarin, ya tambayi labarin Ubikanci. Ɗan'uwan Abazanci ne na jini, daga yankin da birnin Sochi yake a yau, mai baƙaƙe wajen 80. A 1864 aka kwashe Ubikawa kusan gaba ɗaya zuwa ƙasar Turkiyya. Da ma da yawansu na jin Carkasanci, sai suka riƙa amfani da shi tsakaninsu da sauran 'yan gudun hijira, Turkanci kuma a kasuwa da gaban hukuma. Nasu harshen ya koma na tsofaffi, daga nan ya koma na 'yan tsirarun tsofaffi.

Masana ba su yi sake ba. Bafaranshe Georges Dumézil ya shafe shekaru yana zuwa ƙauyukansu yana rubuta tatsuniyoyi da nahawu. Hans Vogt na ƙasar Norwe ya buga ƙamus a 1963. An naɗi muryoyi, an auna yadda kowane sauti ke fita. Babban abokin aikinsu shi ne Tevfik Esenç, wanda aka haifa a 1904, kakanninsa suka rene shi, abin da ya sa ya riƙe harshen da tsarkinsa. Ranar 7 ga Oktoba 1992 ya rasu a Istanbul, kuma daga ranar babu sauran wanda ya iya Ubikanci sosai a doron ƙasa. Jikokin Ubikawa suna nan da yawa, suna alfahari da sunan. Littattafan suna nan a ɗakunan karatu na Faransa. Babu uwa ko ɗaya da ke rarrashin ɗanta da harshen.

A lura da kyau: hanyar da Ubikanci ya bi ita ce Abazanci ke kai. Ƙaramar al'umma, harshen maƙwabci a gefe guda, harshen gwamnati a ɗaya gefen, masana kuma suna ta rubutu. Abazanci ya samu manyan masu nazari, daga Anatoly Genko da Ketevan Lomtatidze zuwa 'yar gida Nurya Tabulova da nahawunta na 1976, har zuwa ayarin masu bincike daga Mosko da suka yi aiki a Inzhich-Chukun a 'yan shekarun nan. Aikinsu abin yabo ne. Amma an yi wa Ubikanci irinsa, bai hana shi mutuwa ba.

Rubutun ma yana da nasa tarko

Sau uku ana ɗinka wa Abazanci rigar rubutu. A ƙarni na 19 an yi ƙoƙarin rubuta shi da haruffan Larabci, abin bai bazu ba. A 1932 aka tsara masa haruffan Latin, aikin da malami kuma marubuci Tatlustan Tabulov ya taka rawa babba a ciki. Shekara shida kacal, a 1938, gwamnatin Stalin ta mayar da shi kan haruffan Sirilik irin na Rashanci, duk littattafan da aka buga kafin nan suka zama na ajiya.

Rashanci haruffa 33 gare shi, Abazanci kuwa yana buƙatar wajen 70. Sai aka riƙa harhaɗa haruffa biyu ko uku su tsaya wa sauti ɗaya, kamar гӀв da хъв da чӀв da къь, aka kuma ƙaro alama guda, wani ɗan tsayayyen layi da ake kira palochka. Ga wanda ya taso da sautukan a kunnensa, tsarin na aiki. Ga yaron da ya fara sanin haruffan nan da muryarsu ta Rashanci, tarko ne. Harafin в a Rashanci sautin v ne, a Abazanci kuwa alama ce ta zagaye leɓɓa. Yaron da bai taɓa jin kakarsa ta furta гӀв ba, zai karanta shi gutsure-gutsure kamar ɗan Rasha, kuma malamin da ke da 'yan mintuna da aji cike ba zai iya bin bakin kowa ba.

Sai kuma waya. A ɗauki budurwa a Cherkessk da ke son aika wa gwaggonta saƙo a ƙauye. Ta buɗe allon rubutun Rashanci, babu palochka a kai. Ta danna lamba 1 a madadinsa, ko ta juya zuwa allon Turanci ta ɗauko I, ko ta tsallake shi gaba ɗaya. Wayar ta ja wa kowace kalma jan layi, wasu ma ta sauya su da kalmomin Rashanci ba tare da an tambaye ta ba. Budurwar ta goge, ta sake, ta gaji, ta rubuta saƙon da Rashanci cikin daƙiƙa kaɗan. Gwaggo ta amsa da Rashanci. Ba wanda ya yi niyyar cin amanar harshe, sauri kawai ake yi. Kuma kalmar da aka rubuta ta hanyoyi uku, a wajen kwamfuta kalmomi uku ne mabambanta, don haka mai nema a intanet ba zai sami rabin abin da aka rubuta ba. Ƙaramin harafin palochka ma sai a 2006 aka shigar da shi tsarin haruffan kwamfuta na Unicode.

Rubutun ya kuma raba 'yan'uwa. Abkazawa, bayan an ɗora musu haruffan Jojiya daga 1938 zuwa 1954, sun koma Sirilik mai haruffa na musamman da ba su yi kama da na Abazanci ba. Mutum biyu da za su iya fahimtar juna da baki, kowa na kallon jaridar ɗan'uwansa kamar baƙuwa. Na Turkiyya kuwa Latin suka sani, littafin da aka buga a Cherkessk ba ya karantuwa gare su sai sun koyi sababbin haruffa.

Takardar da ake sa wa hannu

A watan Yuli 2017, a birnin Yoshkar-Ola, Shugaba Vladimir Putin ya bayyana cewa bai dace a tilasta wa kowa koyon harshen da ba nasa ba. A Agusta 2018 aka sa hannu kan dokar da ta mayar da darasin harsunan gida zaɓi, bisa buƙatar iyaye a rubuce, kuma Rashanci na cikin abin da ake iya zaɓa a matsayin harshen uwa.

Ku dubi abin da wannan ke nufi a cikin gida. Yaro zai shiga aji ɗaya, an miƙo wa uwa takarda. Ta san jarrabawar gama sakandare, wadda ke buɗe ƙofar jami'a, da Rashanci ake yin ta, kuma Rashancin kansa darasi ne na dole a cikinta. Ta san babu ofishin da zai tambayi ɗanta Abazanci kafin ya ba shi aiki. Ta ce a ranta, ai zai ji a gida. Ta zaɓi Rashanci ta sa hannu. Alhali a gidan, zanen ban dariya da yaron ke kallo da Rashanci ne, wasan cikin waya da Rashanci ne, ita kanta idan ta gaji da Rashanci take kiransa cin abinci. Makaranta ta dogara da gida, gida ya dogara da makaranta, yaron ya faɗa tsakani.

A da, bindiga da jirgin ruwa ne suka raba Abazawa da ƙasarsu, kowa ya san maƙiyinsa. Wannan karon da alƙalamin uwa mai son ɗanta ake yin ɓarnar, shi ya sa ba a jin ƙararta.

Na waje sun riga sun nuna ƙarshen hanyar

A Turkiyya, ƙauyukan Abazawa na yankunan Kayseri da Sivas da Eskishehir sun riƙe harshen sama da shekara ɗari, duk da kamfen ɗin tilasta Turkanci da aka faro a 1928 da dokar 1983 da ta taƙaita amfani da wasu harsuna har zuwa 1991. Abin da doka ta kasa, ƙaura zuwa birane ta yi shi. Tun 2012 gwamnati ta amince a koyar da harshen a matsayin darasin zaɓi a makarantun tsakiya, amma sai an tara ɗalibai goma kafin a buɗe aji, kuma tara yara goma a makaranta ɗaya cikin Istanbul ba ƙaramin aiki ba ne.

A Masar kuwa, gidan Abaza na lardin Sharƙiyya yana cikin manyan gidajen ƙasar. Su suka haifi mawaƙi Aziz Abaza da marubuci Tharwat Abaza da ɗan wasan fim Rushdy Abaza. Har wani girkin adas ana kiransa da sunansu. Sun yi wa Larabci hidima mai yawa, amma harshen kakannin da suka ba su sunan ya daɗe da barin gidan. Suna na iya rayuwa shekaru ɗaruruwa bayan harshe ya tafi, kuma wannan ita ce makomar da ke jiran na Kaukasus idan aka ci gaba da barci.

Abin da ya wajaba, kuma yanzu

Ya ku iyaye mata da maza, aikin naku ne kafin na kowa. Ku yi wa jariri Abazanci tun ranar da ya faɗo. Idan ya amsa da Rashanci, ku ci gaba da naku, kada ku bi shi. Kada ku ji tsoron zai koma baya a karatu, Rashanci zai same shi a titi da talabijin da makaranta ko kun so ko kun ƙi, kuma kakanninku harsuna biyu da uku suka riƙe ba su rikice ba. Inda ɗaya daga cikin ma'aurata ne kawai ke jin harshen, ya riƙe shi da yaran ko da shi kaɗai ne. Idan takardar makaranta ta zo, ku zaɓi harshenku.

Ya ku dattawa, ku daina yi wa matasa dariya idan suka karya furuci. Saurayin da aka kunyata a gaban jama'a saboda ya kasa fitar da sautin maƙogwaro ba zai sake gwadawa ba. Ku gyara masa a hankali, ku sake maimaita masa. Ku nemi a kawo muku jikoki lokacin hutu, ku sa su aiki a gona da madafi da harshen.

Malamai da hukumomin jamhuriya, darasin sa'o'i kaɗan ba ya rayar da harshe. A buɗe makarantun renon yara da ake yini ana Abazanci a cikinsu, a koyar da azuzuwan farko da shi a ƙauyukan nan 13, a ba ɗaliban da ke karanta shi a jami'ar Karachayevsk dalilin da zai sa su koma aji su koyar. A gaggauta naɗar muryoyin tsofaffin Ashkharawa na ƙauyukan Staro-Kuvinsk da Novo-Kuvinsk da Apsua, domin an gina daidaitaccen harshe kan karin Tapanta, karin Ashkharawa kuwa ba shi da littafin makarantar da zai kāre shi.

Matasa masu ilimin kwamfuta, ku daidaita kan alama ɗaya ta palochka, ku sa allon rubutun Abazanci ya zama abin da kowa zai samu a wayarsa ba wahala. Kowace kalma a ƙamus a haɗa ta da muryar wanda ya iya, domin harshen nan ba ya koyuwa da ido. Ku juya zanen ban dariya da wasannin yara zuwa gare shi. Ƙungiyar Alashara ta Mussa Ekzekov da Majalisar Abaza ta Duniya, wadda aka kafa a 1992, suna ƙoƙari ta wannan fuska, sai dai babu ƙungiyar da za ta shiga ɗaki ta yi wa yaro hira kafin ya yi barci.

Limamai, ku yi wa'azi da harshen mutanenku. Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna cikin ayoyin Allah, kuma abin da Allah Ya kira aya bai cancanci a bar shi ya lalace saboda kasala ba. 'Yan'uwa na Turkiyya, ku bi gida-gida ku tara yaran nan goma tun kafin lokacin zaɓen darussa ya wuce.

Mu ma da sauran magana a kanmu

Mai karatu Bahaushe na iya cewa ina ruwansa da duwatsun Kaukasus. To a ƙasarmu, mu ne babban harshen da ke haɗiye ƙanana. Ajawa a ƙasar Bauci, Auyokawa da Teshenawa a ƙasar Jigawa, duk sun yi nasu harsunan, duk sun ɓace cikin Hausa, ba tare da an harba ko harsashi ɗaya ba. Wasu da dama na kan wannan hanya a yanzu. Idan maƙwabcinka na yi wa ɗansa yarensu, kada ka yi masa ba'a, ka ƙarfafa shi. Kuma duk Bahaushen birni da 'ya'yansa ke amsa masa da Turanci, ya san ba Abazawa kaɗai ake yi wa wannan gargaɗi ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 zuwa 2032 a matsayin shekaru goma na harsunan 'yan asali. Za a yi taruka, a karanta jawabai, a ɗauki hotuna. Abin da zai yanke hukunci a kan Abazanci shi ne yawan yaran da za su cika shekara biyar a cikin wannan wa'adi suna magana da shi ba gargada. Har yanzu akwai dubban mutane da suka iya shi da kyau, akwai ƙauyukan da ake jin sa a kan titi, damar da Ubikanci bai samu ba a shekarunsa na ƙarshe. Duk wanda ke da yaro a gida, ya fara yau, kada ya jira hukuma ko ƙungiya. An faɗa, an kuma maimaita. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.